Jirgin ƙasa, bas ko babbar tasi: wanne ya dace da mai zaga garuruwan Maroko da jakar goyo da ɗan guzuri?

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Muhammadu na Biyar da ke Kasablanka, jaka ɗaya a bayansa, yana son ya taka garuruwa biyar ko shida cikin mako biyu, bayan kuɗin masauki ba abin da zai ci aljihunsa kamar kuɗin mota. Yawancin mutanenmu Fas suke nufa don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, daga nan sai sha'awa ta ɗebi mutum ya ce bari ya leƙa Marrakesh, ko Tanja, ko ya je ya ga tuddan rairayin Marzuga. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: jirgin ƙasa na hukumar ONCF, bas ɗin manyan kamfanoni biyu wato CTM da Supratours, bas ɗin tasha na gama-gari, sai babbar tasi mai ɗaukar mutum shida. Kowacce da inda take da riba, kowacce kuma da inda za ta wahalar da kai.

Kuɗin ƙasar dirhami ne. A taƙaice ka riƙe cewa dirhami 10 ya kusa dalar Amurka ɗaya, dirhami ɗaya kuma wajen sefa 60 ne. Farashin da ke ƙasa kimantawa ce, domin tikitin jirgin ƙasa yana hawa yana sauka gwargwadon rana da cikowa.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko kuɗi, amma ba na tikiti kaɗai ba. Ka haɗa da kuɗin ƙaramar tasi daga masauki zuwa tasha, da kuɗin kaya, da abin da za ka ci a hanya. Tikitin da ya fi araha da dirhami 20 amma ya sauke ka a bayan gari ƙarfe biyun dare, inda mai tasi zai ƙi kunna mita, ba araha ba ne. Na biyu lokaci: yaushe ake tashi, kuma ana tashi a kan lokacin ko sai an cika? Na uku ƙarko, na motar da na jikinka, don awa goma a kujerar da ba ta kwanciya tana cinye maka yinin gobe. Na huɗu sauƙi ga baƙon da ba ya jin Darija, wato Larabcin mutanen Maroko, ko Faransanci. Na biyar haɗari: na hanya, na kaya, da na masu yi wa baƙo wayo.

Kafin duk wannan akwai tambayar da taswira ce ke amsa ta. Layin dogo ya tashi daga Tanja ya bi Kinitra, Rabat, Kasablanka, ya tsaya a Marrakesh. Wani reshe ya yi gabas ta Maknas da Fas har Wujda. Ke nan babu jirgin ƙasa zuwa Shafshawan, Titwan, Sawira, Agadir, Warzazat ko Marzuga. Rabin shawarar ta yanke kanta tun nan.

A tikiti da allon tasha da rubutun Faransanci za ka ga sunayen, don haka ka san su: Fas ita ce Fès, Tanja Tanger, Maknas Meknès, Shafshawan Chefchaouen, Sawira Essaouira, Warzazat Ouarzazate, Marzuga kuma Merzouga.

Jirgin ƙasa

Iri biyu ne suka shafe ka. Al Boraq shi ne mai gudun tsiya da aka buɗe a Nuwamban 2018, yana kai gudun kilomita 320 a awa tsakanin Tanja da Kinitra, yana haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa 2 da minti 10. Aji na biyu yakan kama daga wajen dirhami 150 zuwa kusan 300, ya danganta da yadda ka yi saurin saye. Sauran dogayen hanyoyin kuwa jiragen Al Atlas ne: Kasablanka zuwa Fas awa 3 da rabi zuwa 4 a kan dirhami 120 zuwa 170, Kasablanka zuwa Marrakesh kusan awa 3 a kan 100 zuwa 160, Fas zuwa Marrakesh kai-tsaye awa 6 da rabi zuwa 7.

Taragon Al Atlas yawanci ɗaki-ɗaki ne, aji na biyu mutum takwas, aji na ɗaya mutum shida. Tikitin yana ɗauke da lambar tarago da ta kujera. Idan ka tarar da wani a kujerarka, ka nuna masa tikiti da fara'a, zai tashi. Kaya ba a aunawa, ba a biya, kana ɗora jakarka a kantar da ke saman kanka. Akwai banɗaki, kana iya miƙe ƙafa, manyan tashoshi kuma suna da wurin alwala da salla. A ganina tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba aji na biyu ya wadatar. Hanyar Fas zuwa Marrakesh ce kaɗai ƙarin kuɗin aji na ɗaya yake biyan kansa.

Inda baƙo yake tafka kuskure shi ne sunan tasha. Kasablanka tana da Casa Voyageurs, da Casa Port, da Oasis. Jiragen Fas da Marrakesh da Tanja a Casa Voyageurs ake kama su, kuma jirgin da ke tasowa daga ƙarƙashin filin jirgin sama yana kawo ka nan cikin kimanin rabin awa. Wanda ya zarce Casa Port yana neman jirgin Marrakesh sai ya dawo baya. Rabat tana da Ville da Agdal, Al Boraq kuma a Agdal yake tsayawa. Daga Tanja zuwa Fas mafi sauri shi ne ka hau Al Boraq ka sauya a Kinitra.

Ana sayen tikiti ta intanet, sai dai katin banki na waje ba kullum yake wucewa ba. Mafita ita ce ranar da ka iso gari, kafin ka fita daga tasha, ka sayi tikitin fitarka da tsabar kuɗi. Al Atlas yakan makara da minti 20 ko fiye, saboda haka ranar komawa gida kada ka ɗaura wa kanka jirgin ƙarshe da zai kai ka filin jirgin sama. A hanyar Fas kuma akan samu mai daɗin baki ya zauna kusa da kai, hira ta yi hira, sai ya ce masaukin da ka kama an rufe shi, amma ɗan'uwansa yana da wani. Ka gode masa, ka tafi inda ka kama.

Ta fuskar haɗarin hanya jirgin ƙasa ya fi sauran nesa ba kusa ba, a ƙasar da titunanta ke cin rai sama da 3,000 duk shekara.

Bas ɗin CTM da Supratours

CTM tsohon kamfani ne, tun 1919 yake aiki, kuma a manyan garuruwa yana da tasharsa daban. Supratours na hukumar jiragen ƙasa ne, an yi shi don ya ɗora daga inda dogo ya ƙare, shi ya sa ofishinsa yake maƙale da tashar jirgi. Wanda ya sauka daga jirgi a Marrakesh, taku kaɗan zai yi ya hau motar Sawira ko Agadir.

Tsarinsu ɗaya ne. Kujera da lamba, ba a ɗaukar na tsaye, ana tashi a kan lokaci ko da rabin mota ce. Ka iso da rabin awa a hannu, ka kai jakarka teburin kaya, a liƙa mata takarda, a ba ka rasit, ka biya wajen dirhami 5. Rasit ɗin nan ka adana shi, da shi za ka karɓi jakar. Wanda ya zo da jaka ba takarda a bakin mota za a mayar da shi layi, motar kuma ba ta jira.

Fas zuwa Shafshawan kilomita kusan 200 ne, amma awa 4 zuwa 4 da rabi ake yi saboda kwanar duwatsun Rif, kuɗin kuwa dirhami 80 zuwa 120. Wannan hanyar motocinta kaɗan ne a rana, masu yawon buɗe ido kuma sun yi mata yawa, don haka tikitin yau sau da yawa ya ƙare tun shekaranjiya. Ka saya kwana biyu kafin tafiya, ka haɗa da na fitowa. Marrakesh zuwa Sawira awa 3 ne, wajen dirhami 100. Marrakesh zuwa Warzazat ana hawa mashigar Tishka mai tsayin mita 2,260, awa 4 zuwa 5 ana murɗa kwana. Mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, ya rage cin abinci mai maiƙo, ya riƙe leda a aljihu.

Banɗaki kada ka sa rai da shi a cikin motar. Ana tsayawa minti 20 zuwa 25 duk bayan awa biyu ko uku, a wurin cin abinci mai famfo da ɗan masallaci. Minti 20 yana isa alwala da kasaru da kofin shayi, amma ba ya isa jiran tajin, wato dafaffen nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, in ba a riga an dafa shi ba. Ka lura da lambar motarka kafin ka sauka, don akan tarar da motoci uku masu launi ɗaya a jere.

Motar dare ita ce babbar ribar mai ƙaramin guzuri. Supratours tana tashi daga Fas da dare ta isa Marzuga da asuba, kimanin awa 10, a kan dirhami 200 da ɗoriya, ka ga ka tsira da kuɗin masaukin dare guda. Sai dai hanyar tana ratsa Ifran da Midalt, inda dusar ƙanƙara ke zuba daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har a rufe hanya. Sanyin ya wuce hunturun da muka sani, rigar sanyi da safa su kasance a hannunka, ba cikin jakar da ke but ba. Kafin Marzuga akwai Risani, kusa da kangon Sijilmasa, birnin da ayarin raƙuma ke tashi su keta Sahara zuwa ƙasashenmu a da. A nan wasu kan leƙo mota su ce an iso, kowa ya sauka, don su ɗauke ka a motarsu da tsada. Saura kilomita wajen 35. Ka tambayi direba, shi kaɗai.

Bas ɗin tasha

Kowane gari yana da babbar tasha da suke kira mahatta, inda ƙananan kamfanoni da yawa suke lodi. Wanda ya saba da tashoshinmu ba zai ji baƙunta ba: 'yan kamasho na ihun "Fas, Fas, Fas", wani ya kama maka jaka tun daga ƙofa, mai tallan magani ya shigo mota ya yi jawabinsa kafin a tashi. Kuɗin yakan yi ƙasa da na CTM da kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, motocin sun fi yawa, kuma suna shiga ƙananan garuruwan da manyan kamfanoni ba sa kulawa.

Abin da ka rage a kuɗi kana biyansa da lokaci. Motar tana tsayawa ɗauka da saukewa a hanya, tana shiga tashar kowane gari ta jira fasinja, tafiyar awa huɗu ta koma shida. Wasu motocin sababbi ne, wasu kuwa na'urar sanyaya su ta daɗe da mutuwa, a Marrakesh da zafin Yuli ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dabarar ita ce ka wuce ɗan kamasho ka je tagar sayar da tikiti da kanka, ka duba lokacin da aka rubuta a takardar, ka tambaya ko motar ta babbar hanya za ta bi, sannan ka leƙa ka ga motar da idonka. Yaron mota zai nemi dirhami 5 zuwa 10 na kaya, kuma ba lallai a ba ka rasit ba. Fasfo, kuɗi, waya da caja su zauna a ƙaramar jaka a cinyarka, ka zauna ɓangaren da ƙofar but take don ka riƙa ganin abin da ake fitarwa.

Akwai wurin da ta fi kowa. Tashar Fas tana Bab Mahruk, jikin ganuwar tsohon gari, da ƙafa za ka taka zuwa Bab Bujulud, ƙofar shiga tsohon garin. Tashar jirgin ƙasa da ta CTM kuwa suna sabon gari, sai ka biya ƙaramar tasi ja dirhami 15 zuwa 20. Mota ba ta shiga lungunan tsohon Fas, mai nufin zawiya sai a sauke shi a dandalin Rasif ya ƙarasa da ƙafa. A Kasablanka abin ya juya, tashar Aulad Ziyan tana nesa da tsakiyar gari, ba wurin da baƙo zai so ya sauka da tsakar dare ba.

Babbar tasi

Wannan ita ce motar hayar da muka sani, kuma ita ce ta fi rikita baƙo. Kada a haɗa ta da ƙaramar tasi ta cikin gari mai mita, wadda ba ta wuce mutum uku kuma doka ta hana ta fita gari. Babbar tasi tana da layinta da tasharta, tana ɗaukar mutum shida, kuɗin kujera a yanke yake, ba ta tashi sai ta cika. A da tsofaffin Marsandi ne, biyu a gaba huɗu a baya, kafaɗa bisa kafaɗa. Yanzu yawancinsu an sauya su da ƙananan motoci irin Dacia Lodgy masu layi uku, kowa da kujerarsa. An huta da matsi, amma but ɗin ya ƙanƙance, babbar jaka sai a ɗaure ta a saman mota ko ka rungume ta.

Kalma ɗaya ce ke raba ka da asara: "blasa", wato kujera. Direba ya ga baƙo da jakar goyo zai ɗauka shata kake so, ya faɗi kuɗin kujera shida. Ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce "blasa wahda", ka tambayi fasinjan da ke zaune nawa ya biya. Maknas zuwa Mulay Idris, inda kabarin Idrisu na Farko, wanda ya kafa daular Idrisawa a Maroko, yake, kilomita wajen 30 ne, kujera ba ta wuce dirhami 10 zuwa 15, daga can kuma kangon birnin Rumawa na Walili bai fi kilomita 5 ba. Fas zuwa Maknas awa guda ne, wajen dirhami 30. Idan kun kai huɗu an daɗe ana jira, kuna iya raba kuɗin kujeru biyun da suka rage a tashi. Mace mai tafiya ita kaɗai, in tsohuwar Marsandi ce, ta sayi kujerun gaba biyu ta zauna a sake.

A kula da lissafin riyal. Mutane da yawa, musamman a ƙananan garuruwa, da riyal suke ƙirga, riyal 20 shi ne dirhami ɗaya. In an ce maka riyal 200, dirhami 10 ake nufi. Mutumin Nijar da ya saba ƙirga da dala zai gane wannan nan take.

Da safe motoci na cika cikin minti goma. Bayan la'asar, ko ranar Juma'a da hantsi, kana iya shafe awa guda kana jiran mutum biyu. Doguwar tafiya kuma yanka ta ake yi: Tanja zuwa Titwan, a sauya zuwa Shafshawan, ko Marrakesh zuwa Asni, a sauya zuwa Imlil a gindin dutsen Tubkal. Gudu gare su, da son wuce mota a kwana. Da rana a hanyar da ba ta kai kilomita 100 ba ina ba da shawararta ba tare da ɗar ba. Da dare a kan dutse kuwa, a haƙura a kwana.

| | Jirgin ƙasa | CTM da Supratours | Bas ɗin tasha | Babbar tasi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | matsakaici, Al Boraq ya fi tsada | matsakaici | mafi araha | araha a gajeriyar hanya |
| Tashi | kan lokaci, akan ɗan makara | kan lokaci | akan ja lokaci | sai an cika |
| Gajiya | kaɗan | daidai gwargwado | da yawa | ya danganta da motar |
| Kaya | kyauta, a gabanka | da rasit | ba tabbas | wuri kaɗan |
| Sauƙi ga baƙo | sosai | sosai | sai da wayewa | sai da 'yar Darija |
| Haɗarin hanya | mafi ƙanƙanta | kaɗan | matsakaici | mafi yawa |
| Inda take kaiwa | manyan birane | birane da wuraren ziyara | kusan ko'ina | har ƙauyuka |

Abu biyu da suka shafi duka huɗun

Baƙar fata mai jakar goyo da ya nufi arewa, wajen Tanja, Titwan ko Nador, jandarmomi a shingen hanya suna iya ɗaukarsa mai shirin tsallakawa Sifen. Akan tambayi takardu, wani lokaci tun a wurin sayen tikiti. Fasfo na asali mai hatimin shiga ya kasance a jikinka, tare da shaidar masauki da tikitin komawa gida a takarda. Ka haddace lambar da aka buga maka a fasfo ranar shigowa, kowane masauki zai nema. A mota ake yawan gamuwa da shingen nan, wannan ma wani dalili ne na bin jirgin ƙasa zuwa Tanja.

Sai lokacin shekara. Kwanakin da ke gab da Babbar Salla kowa na komawa garinsu, tikiti yana ƙarewa, kuɗin tasha yana tashi. A 2018 an daidaita agogon Maroko da na Najeriya da Nijar, aka riƙa mayar da shi baya da awa guda a watan azumi, wayar hannu kuma takan rikice a daren sauyin. Ka duba agogon tasha.

Wa ya dace da wanne

Mai ziyarar Fas da ke da mako guda, ko mai tafe da dattijo ko yara, ya tsaya kan jirgin ƙasa: filin jirgin sama, Casa Voyageurs, Fas, in da hali Rabat da Marrakesh. Ba ya buƙatar shiga tashar mota ko sau ɗaya.

Mai mako biyu da ke son zagaye ya haɗa su. Jirgi zuwa Fas, babbar tasi zuwa Maknas da Mulay Idris a yini guda, CTM zuwa Shafshawan, daga can Tanja, Al Boraq zuwa Kasablanka a sauya zuwa Marrakesh, Supratours zuwa Sawira da dawowa, sannan jirgi zuwa filin jirgin sama ta tashar Oasis. Kuɗin mota gaba ɗaya zai kama tsakanin dirhami 1,000 da 1,400, a ƙara wajen 200 na ƙananan tasi.

Mai nufin Sahara ya bi motar dare daga Fas, ya fito ta Warzazat zuwa Marrakesh da rana. Kai-tsaye awa 12 ne, gara a raba shi biyu a kwana a Tingir ko Warzazat. Ɗalibi ko wanda lokaci ya fi kuɗi yawa a hannunsa, kuma yana jin Larabci ko Faransanci, bas ɗin tasha zai rage masa kuɗi sosai, da sharaɗin ya riƙa tashi da sassafe don ya isa da sauran rana. Abokai biyar ko shida kuwa, a hanya irin ta Tanja zuwa Titwan ko Maknas zuwa Walili, su ɗauki babbar tasi shata a kan kuɗin kujera shida, su daidaita da direba kan lokacin jira da kuɗin dawowa kafin a ɗora jaka ko ɗaya.